Na uku ya koma na sha shida: yadda rifot kad ɗin yaro ɗaya ya tona mana asiri

Ranar Alhamis muka raba rifot kad na zangon farko, Disambar 2023 kenan, washegari Juma'a tun takwas da 'yan mintuna ina ofishin malamai ina ƙoƙarin haɗa rajista in miƙa in kama gabana sai mai gadi ya leƙo ya ce Malam ana sallama da kai, kuma daga yadda ya faɗa na san ba alheri ne ya kawo mai sallamar ba. Na fito na tarar da Alhaji, mahaifin wani yaro ɗan ajina, tsaye cikin hazon nan, ya naɗe katin a hannu kamar zai kashe ƙuda da shi, yaron na raɓe a bayansa kai a ƙasa idanu sun yi luhu-luhu. Ba zan faɗi sunan makarantar ba balle na yaron, makarantar kuɗi ce dai irin matsakaitan nan da ke cikin unguwannin Kano, lokacin ni ne fom masta na JSS2, wato malamin da ke riƙe da ajin, kuma ina ɗaukarsu kimiyya.

Muka gaisa, gaisuwar ma a tsaitsaye, sai ya ce "Malam, yaron nan bara duk zango ukun bai taɓa wuce na huɗu ba, na ƙarshen ma na uku ya zo. Jiya an kawo min na sha shida. To ko dai shi ya lalace ko ku kuka lalace, ni na riga na hukunta nawa ɓangaren tun daren jiya, saura naku."

Na ce ranka ya daɗe mu shiga daga ciki. Na jawo masa kujera, na sa yaron ya je ya zauna a aji.

Abin da ya fara faruwa mai sauƙin bayani ne, shi ya sa zan wuce shi da sauri. Bara ajin kashi biyu ne, A da B, kuma tun ranar jarabawar shiga aka tace su, waɗanda suka fi maki aka zuba su a A sauran a B. Yaron nan a B yake. To bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 komai ya tashi, makaranta ta ƙara kuɗi, iyaye da yawa suka kwashe 'ya'yansu wasu suka koma ta gwamnati wasu suka nemi mai rahusa, da aka dawo a Satumba yaran da suka rage su 41 ne, mai makaranta ta ce ba za ta biya malamai su tsaya gaban aji biyu rabi-rabi ba, a haɗe su. Shikenan na ukun B ya shigo cikin 'yan A. Abarejinsa na ƙarshen bara 62 ne, na wannan zangon 63.1, wato ma ƙaruwa ya yi ba raguwa ba. Na ɗauko katin bara daga fayil na ajiye su gefe da gefe na nuna wa Alhaji. Mutumin ɗan Kantin Kwari ne, atamfa da shadda yake sayarwa, boko bai yi nisa ba amma lissafi kam ba a koya masa, kafin in gama magana ya riga ni, ya ce "wato kamar a ce ni ne na uku a ciniki a layinmu sai kuma aka ce yau da manyan dilolin kasuwa za a jera ni." Na ce haka ne Alhaji. Ya yi shiru can ya ce "to wa ya gaya min an haɗe su?"

Babu wanda ya gaya masa. Wallahi babu. A katin an rubuta 16th, a gefe da ƙaramin rubutu an sa 41, na bara kuma 3rd da 30, kuma mu a ganinmu mun yi bayani kenan.

Da a nan maganar ta tsaya da na ba shi haƙuri ya tafi ni ma na tafi hutuna. Amma ya warware katin ya shimfiɗa a tebur ya ce tunda ya zo sai na karanta masa shi tun daga sama har ƙasa, don shekara nawa ana kawo masa irinsa, 'ya'yansa huɗu ne a makarantar, bai taɓa duba komai ba sai lambar nan ta fozishan, wato na nawa yaro ya zo a aji, da kuma kuɗin zango mai zuwa da muke rubutawa a can ƙasa, su biyun nan ne kawai aka rubuta da yaren da yake ji.

To tsarin katin namu ga shi. Kowane darasi maki 100 ne, 40 na CA wato gwaje-gwajen da ake yi cikin zango, 60 na jarabawar ƙarshe. Mu 40 ɗin nan mun kasa ta uku, tes na farko 15, tes na biyu 15, asainmen da duba littafin rubutu 10. Wasu makarantun 30 da 70 suke yi. Shi CA ɗin nan ba mu muka ƙirƙiro shi ba, yana cikin manufar ilimi ta ƙasa tun ta 1977 wadda aka yi wa gyara a 1981, ya zo tare da tsarin 6-3-3-4, kuma hikimarsa mai kyau ce, kada a yanke wa yaro hukuncin wata uku da abin da ya rubuta cikin awa biyu, wataƙila ma ranar da ciwon kai ya tashi. Bayan an haɗa jimilla sai a ba da harafi, mu sikelin WAEC, hukumar jarabawar kammala sakandare, muke ara tun daga JSS1 don yara su saba, A1 daga 75 zuwa sama, B2 da B3 tsakanin 65 da 74, C4 da C5 da C6 daga 50 zuwa 64, D7 45 zuwa 49, E8 40 zuwa 44, ƙasa da 40 kuma F9. Na gaya wa Alhaji layin da ya kamata ya riƙe shi ne 50, domin C6 ne ƙarshen kiredit, kuma in an zo shiga jami'a kiredit biyar ake nema dole da Turanci da Lissafi a ciki, babu wanda zai tambayi ɗanka na nawa ya zo a JSS2.

Muna bin layi ɗaya bayan ɗaya, Hausa 81, Addini 78, Larabci saba'in da wani abu, Alhaji na gyaɗa kai, muka zo Lissafi, 43, E8 da jan biro. Ya ce a'a tsaya. Ya ce yaron da duk Asabar yake zama masa a shago yana ba da canji ba ya kuskure? Na duba gidajen, tes na farko 9, tes na biyu 0, asainmen 7, jarabawa 27. Sifilin nan ya tsaya min a rai, na jawo rajista na duba, ashe satin da aka yi tes na biyu a ƙarshen Oktoba yaron kwana biyar cur bai zo ba, kuma ni da hannuna na rubuta zazzaɓi a gefe domin yayarsa ta zo ta faɗa min. Alhaji ya ce ƙwarai, har ƙarin ruwa sai da aka yi masa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne da na bi sauran darussan, satin ɗaya ne ai aka yi tes ɗin duka, amma Lissafi ne kawai ke da sifili. Daga baya na bi malaman ɗaya-ɗaya na tambaya. Malamar Turanci ta ce ita da ta ga gidan babu komai sai ta maimaita masa makin tes na farko. Malamin Addini ya ce yaron kirki ne ya san zai ci, ya sa masa 13. Mutum biyu ne suka kira shi suka yi masa nasa tes ɗin bayan ya warke. Malamin Lissafi sabon zuwa ne, ya ce shi a inda ya baro wanda bai rubuta ba sifili ne, kuma ba wanda ya gaya masa akasin haka. Ni kaina a kimiyya me na yi? Na duba fuskar abin na sa masa 10. Rashin lafiya ɗaya, hukunci kala biyar, duk a kati ɗaya da hatimin makaranta a kai.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba Alhaji ya sa yatsa a ɓangaren dama na katin, wurin nan da ake jera halaye, zuwa a kan lokaci, tsafta, ladabi, riƙon gaskiya, zama da mutane, sai kuma na aikin hannu kamar kyan rubutu da wasanni, kowanne ana ba da 1 zuwa 5. Ya ce wannan fa? Na riƙa fassara masa, tsafta 4, ladabi 5, ya ce madalla, na zo kan Honesty na ce riƙon gaskiya, 3. Ya ce uku cikin nawa? Na ce cikin biyar. Sai ya gyara zama ya cire hula ya ajiye a gwiwa, murya ta yi ƙasa, ya ce "Malam don Allah kada ka ɓoye min, ya taɓa ɗaukar muku wani abu ne? Ko ƙarya yake yi?"

Na ce wallahi ko ɗaya Alhaji.

"To ina biyun suka tafi?"

Ban da amsa. Gaskiyar magana ita ce daren Laraba na cike wannan ɓangaren na duk yara 41, an ɗauke wuta, ina haska fitilar waya, ina ta zuba 4, 5, 4, 3, 4 don kada su zama iri ɗaya a ce ban yi aiki ba. Ukun nan ba ta da wani dalili illa hannuna ya gaji da rubuta huɗu. Mu a ofis ado muka ɗauki wurin, shi kuwa mutumin da amana ce jarinsa a kasuwa, da ya ji fassarar, E8 ɗin Lissafi ma ta zama ƙarama a wurinsa. Na faɗa masa gaskiya yadda aka yi. Ya kalle ni ya daɗe, ya mai da hularsa, ya ce Allah ya kyauta.

Bari in ɗan faɗi yadda ake haihuwar rifot kad a irin makarantunmu don wanda bai taɓa shiga ofishin malamai a satin ƙarshe ba, ba don in wanke kaina ba. Ana gama jarabawa ranar Alhamis, a ce Litinin kowa ya miƙa maki, malamar Turanci ita kaɗai ce daga JSS1 har SS3 ga insha'i a kowace takarda, kowa ya kwashi takardu a leda ya tafi gida da su. Litinin ta zo rabi ba su gama ba, Talata da yamma ake kawo wa fom masta na ƙarshe, shi kuma zai kwafe su cikin babbar takardar nan da muke cewa burodshit, yara 41 darasi 12, jimilla 492 kenan banda ƙananan gidaje, ya haɗa na kowa da kalkuletar waya, ya raba, ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, sannan ya sake kwafewa cikin kati ɗaya-ɗaya. In ka kai wurin sharhin fom masta idonka ya riga ya rufe, jimla uku gare ni ina juya su kamar waina, na sama su samu "Excellent, keep it up", na tsakiya "Can do better", na ƙasa "Put more effort". Yaron nan ta tsakiyar ya samu. Bara ma da yake na uku na duba, wanda ya riƙe su ita ya rubuta masa a zango na biyu.

Alhaji na fita na wuce wurin firinsifal, shi kuma ya ce mu je wurin Hajiya mai makaranta tunda maganar mai 'ya'ya huɗu ce. Hajiya ba ta ɓata lokaci ba, ta ce "Malam ai abin ba wuya, a sake masa kati a mai da shi na biyar ko na shida, a ce kuskuren lissafi aka yi, a kai masa har shago." Ba zan yi ƙaryar cewa na miƙe na yi wa'azi ba, albashina a hannunta yake kuma ko na Nuwamba lokacin bai gama fita ba. Abin da kawai na ce shi ne Hajiya mutumin nan ya riga ya ga burodshit da idonsa kuma ya fi ni lissafi, in muka kai masa na biyar zai san mun raina masa hankali. Wannan ce ta shige ta. Aka tsaya a kan a yi wa yaron tes ɗin da ya rasa ranar Litinin.

Ya zo ya rubuta ya ci 10 cikin 15. Lissafi ya tashi daga 43 zuwa 53, E8 ta koma C6, abareji daga 63.1 zuwa 63.9. Ƙasa da maki ɗaya kenan amma sai ga shi ya tsallake mutum uku ya koma na sha uku, domin a tsakiyar aji yaran a cunkushe suke, daga na sha ɗaya zuwa na ashirin duka tazarar ba ta kai maki uku ba. Ka ga kenan dukan da ya sha a kan na sha shida, da wani malami ya tashi da fara'a ya ƙara masa biyar a duba littafi da wani labarin ake. Sai kuma wata matsalar ta ɓullo, in shi ne na sha uku to yara uku da suka riga suka kai katinsu gida kowanne ya sauka da mataki ɗaya, za mu bi su gida mu karɓo ne? Ƙarshe dai muka gyara masa maki muka sa hannu, gidan fozishan muka bar shi yadda yake, na rubuta wa Alhaji bayani a wata takarda daban da Hausa. Ita ce takardar Hausa ta farko da ta taɓa fita daga makarantar zuwa ga wani uba.

Amma abin da ya hana ni barci ba sifilin ba ne, 27 ɗin nan ce ta jarabawa, don ita ba zazzaɓi ya jawo ta ba. Ranar Litinin ɗin bayan ya gama tes na roƙi malamin Lissafi ya tono min takardar amsarsa daga cikin ɗauri. Na buɗe. Duk tambayar da aka ba da lambobi tsirara, a tara, a raba, a warware, ya yi ta daidai, aikinsa tsaf. Duk wadda aka rubuta da jimlolin Turanci, irin wani ɗan kasuwa ya sayi kaza ya sayar da kaza, ya kwafe tambayar da kyakkyawan rubutu ya bar ƙasanta fari fat. Guda huɗu haka, kuma su ne masu maki da yawa.

Na kira shi na rufe takardar na ce, wata mata ta zo shagonku ta ɗauki turmi bakwai, kowanne dubu takwas da ɗari biyar, Alhaji ya rage mata ɗari uku-uku, nawa za ta biya? Ya ɗaga kai sama leɓensa na motsi, ko biro bai taɓa ba, ya ce dubu hamsin da bakwai da ɗari huɗu. Sai da na danna waya na tabbatar. Na buɗe takardar na nuna masa tambaya ta uku wadda kusan irinta ce sak, na ce karanta min. Ya fara, yana bin kalma ɗaya-ɗaya da yatsa, yana furta su kusan daidai fa, ya kai ƙarshe. Na ce to me aka ce ka yi? Ya yi shiru. Na ce faɗa min da Hausa ba wanda zai ci ka tara, domin a makarantar akwai dokar nan ta duk wanda aka ji yana Hausa monita ya rubuta sunansa. Ya ce "Malam ina iya karantawa, ban san me suke nufi ba ne."

To a nan na koma kan Turancinsa a kati, 58, C5, kiredit lafiyayye. Ta yaya? CA 34 cikin 40, jarabawa 24 cikin 60. Tes na farko daga cikin littafin rubutu aka ɗauko shi kalma da kalma ya haddace ya ci 12, aka maimaita masa ita a na biyu, asainmen kuma 10 cif domin littafinsa ya fi na kowa tsafta kuma yayarsa da ke SS2 ce ke yi masa a wata takarda ya kwafe, shi da bakinsa ya faɗa min ba tare da ya ɗauka laifi ba ne. Ranar da aka ajiye masa labarin da bai taɓa gani ba aka ce ya amsa tambayoyi, 24 ta fito. Na koma katunan bara, haka abin yake duk zango, CA a sama jarabawa a ƙasa, jimilla ta rufe, Hausa da Addini da Larabci su ɗaga abareji, ya zo na uku a B, a saya masa sabon takalmi. Shekara guda da zango ɗaya alamar na zaune a kan katin ƙuru-ƙuru, gida biyu maƙwabtan juna, ba wanda ya haɗa su ya kalla har ni. Kuma da na bi burodshit ɗin da wannan idon na samu yara tara masu irin wannan gibin a Turanci.

Cikin hutu na je Kwari na sami Alhaji, ya sa aka kawo min lemo, na bari sai da masu ciniki suka ragu na faɗa masa. Na yi zaton zai yi faɗa. Sai ya ce "wato shekarun nan kuɗin Turanci nake biya ana ba ni rasit, kayan ba su iso ba." Ya tambayi abin yi, muka shirya malamar Turanci ta riƙa zama da yaron minti talatin bayan an tashi, sau uku a sati, shi zai biya ta, kuma yayar ta daina yi masa asainmen, in zai yi kuskure ya yi abinsa. Malamar ta gwada shi ta ce sai dai a koma littafin karatu na aji huɗu na firamare. Yaron ya naɗe bangon littafin da tsohuwar kalanda don kada 'yan ajinsu su gani. Abin da take yi ba wani sihiri ba ne, ya karanta sakin layi ɗaya ya rufe ya faɗa mata da Hausa abin da ya faru, in ya kasa su koma.

Da aka dawo zango na biyu na kai maganar taron malamai, aka yarda da abu uku ba tare da wata jayayya ba, wanda bai rubuta tes ba saboda uzuri a bar gidan a buɗe a yi masa nasa cikin sati biyu, rabin tambayoyin tes su zama abin da ba a kwafa a allo ba, ɓangaren halaye kuma duk wanda zai ba yaro ƙasa da 4 sai ya iya faɗin ranar da abin da ya faru. Na huɗun ne ya tayar da ƙura, na ce a cire fozishan gaba ɗaya. Firinsifal ya ce a kai wa iyaye a taron PTA na iyaye da malamai. Kai, ranar na ji jiki. Wani bawan Allah ya miƙe ya ce in babu na ɗaya babu na ƙarshe ta yaya zai san kuɗinsa na aiki, wata uwa ta ce ita da fozishan take zaburar da 'ya'yanta a gida, wani ya ce dabara ce kawai makaranta ke son ɓoye gazawarta. Kuma in ka duba ba za ka ga laifinsu ba, mun ba su takarda cike da Turanci da gajerun haruffa, lamba ɗaya tak suke iya kamawa a ciki, yanzu kuma mun zo za mu ƙwace ta. Fozishan ya zauna daram. Abin da muka samu shi ne a riƙa cike gidajen nan na abarejin aji da maki mafi yawa a kowane darasi, waɗanda dama an buga su a katin tun fil azal muna tsallake su saboda gajiya.

Ni kuma a ajina na ƙara rabin takarda da Hausa da nake maƙalawa a bayan kowane kati, layi huɗu ko biyar, abin da yaro ya iya, inda yake tuntuɓe, da abu ɗaya da za a iya yi a gida. Iyayen da ke WhatsApp na tura musu saƙon murya na minti ɗaya-ɗaya, kuma abin da na lura iyaye mata ne suka fi mayar da amsa, wata ma ta turo min na minti bakwai. Zango ɗaya na iya yi wa kowa, ya cinye min kwana uku da data ta, daga nan na koma yi wa waɗanda ke da matsala kawai.

Sakamakon zango na biyu bai yi wa kowa daɗi ba. Da CA ya daina zama kyauta maki ya zube a ajin gaba ɗaya. Yaron namu Turanci ya samu 21 a CA, 28 a jarabawa, jimilla 49, D7, daga C5 fa, ya zo na sha tara. Na rubuta wa Alhaji cewa kada ya kalli 49 ɗin, ya kalli 24 da ta koma 28, kuma a Lissafi ya taɓa biyu daga cikin tambayoyin jimla ya ci ɗaya. Ban sani ba ko ya gamsu, amma dai yaron ya dawo hutu ba tabo. Wani uban kuwa bai tsaya jin bayani ba, 'yarsa ta sauka daga B3 zuwa C6 a darasi uku, ya kwashe ta da ƙaninta ya kai su wata makarantar da ke bayan layinmu. Hajiya ta kira ni ofis ta ce "Malam gaskiyar nan taka kuɗin yara biyu ta ci min, a zango mai zuwa a sassauta hannu." Kuma an sassauta, ba zan ɓoye ba, makin duba littafi ya koma yadda yake a yawancin darussa. Malamar Turanci da malamin Lissafi ne kawai suka ƙi komawa.

A zango na uku, Yulin 2024, ya samu 25 a CA da 34 a jarabawar Turanci, 59 kenan, C5, maki ɗaya kacal sama da 58 ɗin da muka fara da ita a Disamba, wanda ya ajiye katunan biyu zai rantse yaron bai motsa ba. Lissafi kuma 41 cikin 60 a jarabawa.

Ranar karɓar kati Alhaji da kansa ya zo, bai aiko yaron shago ba. Na miƙa masa, ya juya baya ya karanta rabin takardar Hausar a hankali yana bi da yatsa, sannan ya juyo gaba ya miƙa wa yaron ya nuna wurin sharhina na Turanci ya ce karanta min wannan ka gaya min me ya ce. Jimla biyu ce na rubuta. Yaron ya karanta, ya ce wai Malam ya ce yanzu ina gane labari in gajere ne, amma in ya yi tsawo ina ɓacewa a tsakiya, in riƙa karanta shafi ɗaya kullum a hutu. Alhaji ya kalle ni, na ce haka na rubuta. Ya duba gidan riƙon gaskiya ya ga 5, ya ce wannan ta gaske ce ko ta dare ce? Na ce ta gaske ce ranka ya daɗe. Ya ninke katin biyu ya zura a aljihun gaba, har ya kai bakin ƙofa sai ya juyo.

"To Malam, na nawa ya zo?"

Na ce na sha huɗu.

Ya ce cikin nawa? Na ce 39. Ya ɗan yi lissafinsa a ka, ya ce to, sannan ya tambaye ni ko Hajiya na ciki, yana son su yi maganar ragin kuɗin zango mai zuwa tunda nasa huɗu ne.